Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Fijo 504, Mazauniyar Ƙarƙashin Rumfa

Hajiya Fijo,

Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Inda za ta same ki kam ba na shakka, domin tun ranar da aka ɗora ki a kan bulo ba ki gusa ba.

Dalilin rubuto miki shi ne kada ki ji a bakin maƙwabta: na yi miki kishiya. Na san kin ji rugugin salansarta da ta shigo layi, kin kuma ga yaran da kullum suke wasan direba a kan sitiyarinki sun watse sun bi ta. Toyota 86 ce, ja, mai ƙofa biyu. Kada ki ji ana cewa amarya ki tayar da hankalinki, bazawara ce, ta yi zamanta a wata ƙasa kafin jirgin ruwa ya kawo ta. Kayan faɗar kishiya kuma ban manta ba. Sabon batir ne da tamfol, suna nan tafe.

Tun da ta iso, duk wanda ya zo ganinta sai ya juyo ya nuna ki da leɓe ya ce, "To Alhaji, wannan fa?" Mai ɗakina ta riga ta auna wurin da kike da ido, ta ce zai ɗauki kejin kaji har da wurin shanya. 'Yan gwangwan sun ƙara yawan sallama a ƙofar gida, kuma ba kyanki suke kallo ba, nauyinki suke lissafawa. Yayana ya bugo waya ya ce motar Baba ce, wanda ya sayar da ita Allah ya isa, ko da yake ban taɓa ganin sisinsa a kuɗin gyaranki ba. Saboda haka dole mu zauna mu yi magana, ni da ke.

Ba zan rage miki asali ba. An fara fito da irinki a Faransa a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ki gwarzuwar motar Turai ta 1969. Gidan Pininfarina na Italiya, waɗanda suka daɗe suna zana wa Ferrari jiki, su suka zana naki, don haka idan zancen dangi ake yi amarya ce ya kamata ta rusuna ta gaishe ki. A 1975 wata 'yar'uwarki ta ci tseren Safari a Kenya, tseren da gama shi kaɗai ma abin tinƙaho ne, a hannun Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. Shi ma dai wannan bawan Allah a gidan Toyota ya ƙare aikinsa, shi ya jagoranci ƙungiyar tserensu ta Turai shekara da shekaru, kin ga ba ni na fara ba. A 1975 ɗin ce kuma aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, inda aka ɗaura miki ƙusoshi. Faransawa sun daina yin irinki a 1983, Kaduna ba ta daina ba har aka shiga shekarun 2000. A zamanin mulkin soja na Obasanjo, manyan jami'an gwamnati ke ake ba su. 'Yan'uwanki masu dogon baya su suka riƙe tashoshin mota daga Kano zuwa Jos, fasinja a ciki, buhuna a bisa. Samarin Turawa kuwa sukan sayi tsofaffinku a can, su ratsa hamada ta Tamanrasset, su sauko Arlit da Agadas su sayar, su koma gida a jirgin sama da ribarsu. Motar da ta ƙetare Sahara da ƙafarta ba a yi mata gorin ƙarfi.

Sai dai Hajiya, tarihi ba ya tayar da inji.

Mutanen da ba su taɓa ajiye motar gyara ba suna zaton tana nan ne tana jira, yadda aka bar ta haka za a same ta. Ina! Motar da ke tsaye ta fi mai tafiya saurin lalacewa. Robobi suna bushewa su tsage. Birki yana kamawa. Fetur ɗin da aka bari a tanki yana zama danƙo ya toshe kafireta. Ɓeraye suna cin waya, kuma ba sa cin wadda ake gani, sai ta can ƙarƙashin dashbod inda rewaya zai kwana yana lalube. Ruwan damina yana bi ta gefen gilashi ya kwanta ƙarƙashin dardumar ƙafa, tsatsa ta yi ta ci daga ciki, har ranar da mutum zai ɗaga dardumar ya ga ƙasa. A wajen direba yanzu haka ina iya gaisawa da tururuwa ba tare da na buɗe ƙofa ba.

Ga kuma yadda kuɗi ke tafiya. An ce lagireto ne, aka sayo. Da aka ɗaura sai ga famfon ruwa yana yoyo. Aka buɗe don famfo, bakanike ya leƙa ya ce tunda an riga an buɗe gara a duba gaskit. Wannan "tunda an riga an buɗe" ita ta talauta masu irin halina fiye da fari da ambaliya. Tayoyinki huɗu sababbi suna jingine a sito, sun fara tsagewa don tsufa alhali ko sau ɗaya ba su taɓa kwalta ba. But ɗinki cike yake da kayan gyara cikin ledoji, wasu na manta na me ne, wasu kuma bibbiyu ne. Duk sanda na yi ƙorafi sai bakanike ya ce da sabon gini gara yaɓe. Ban musa ba, amma yaɓen nan ya kusa cin kuɗin bene.

To me ya kai ni ga amarya? Zan faɗa miki gaskiya, daɗi ne. Toyota da Subaru suka haɗu suka yi ta, ta fito a 2012. Injinta lita biyu ne kamar naki, amma nata kwance yake, fistan biyu dama biyu hagu, shi ya sa nauyinta ya yi ƙasa sosai, idan ta shiga kwana ba ta rangaji. Ƙarfin doki kusan 200 gare ta, ke kuwa ko a ƙuruciyarki ba ki kai 100 ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, nan kun yi tarayya. Har da gangan aka sa mata siraran tayoyi irin waɗanda ake sa wa Prius, don bayanta ya ɗan zame idan direba ya so wasa. Na murza makulli ta tashi. Hajiya, ki yi haƙuri in maimaita: na murza makulli, ta tashi. Ba turi, ba tsotsar fetur da baki, ba kiran almajirai.

Amma kafin ki fara kuka, saurari sauran labarin. Tsakanin cikinta da ƙasa kimanin santimita 13 ne. Kowane tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da siminti da fushi, sai na tsaya na karkace na hau shi a kaikaice, masu adaidaita sahu suna ta yi mini hon, ƙarshenta kuma in ji ƙuuu daga ƙasa har cikin haƙorina. Ba laifinta ba ne, ba don titinmu aka yi ta ba. Injinta fetur mai daraja yake so, gidajen manmu kuwa galibi iri ɗaya suke sayarwa, ka sha ko ka bari, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowane taka totur sai na ji shi a aljihu. Kujerun bayanta na ado ne. Na gwada sa surukata a ciki, har yau ba mu gama shiryawa ba. Hanyar ƙauyenmu da damina kuwa ko a mafarki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na buɗe murfin injinta. Na tsaya ina kallo, ban ga inda hannuna zai shiga ba. Silinda huɗu ne amma nozul takwas. Filogi suna can kwance a gefe, manne da jikin mota. Idan wata fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai kwamfuta ya jona ya tambaye ta abin da ke damunta. Ke kuwa da sifana goma sha uku da sukundireba da kunne ake fahimtarki, kuma Baba ya koya mini tun ina riƙe masa tocila. Fitilarki ta fashe, in na zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ina sa ran dawowa da wata kafin la'asar. Tata ta fashe, sai oda daga waje, da dala, a jira jirgi. Ranar da wani mai babur zai goge mata bamba, ita ma tamfol za a rufa mata ana jiran kaya. Wato idan na sayar da ke don in huta da motar gyara, ban huta ba, na dai canza wadda zan riƙa gyarawa ne zuwa mai tsada.

Saboda haka ga hukunci. Kina nan, ba za ki hau sikelin 'yan gwangwan ba. Amma da sharuɗɗa. Na janye maganar mayar da ke yadda kika fito daga Kakuri. Babu sabon fenti, babu ɗinkin kujeru, babu gogen ƙarfe har ya yi walƙiya. Inji, birki, waya, sai faci a inda ƙafata take, shi ke nan. Abin da zan ware miki duk wata ƙayyadadde ne, idan ya ƙare ya ƙare, ko da an riga an buɗe. Kuma ina so ki kai ni ƙauye Babbar Sallah mai zuwa da ƙafarki, da rago a baya. In kin yi, kin ci zamanki. In kin ƙi, akwai wani dattijo tsohon direban tasha da ya daɗe yana zuwa yana shafa ki yana tambayar lafiyarki, zan ba shi ke a kan abin da ya sawwaƙa, Yaya kuma ya yi ta Allah ya isa.

Saura magana ɗaya mai ɗan nauyi. Rumfar nan mota ɗaya take ɗauka, jan fenti kuma ba ya shiri da ranar bazara. Ranar Asabar da hantsi za a ɗaura miki tayoyin nan, samarin layi su tura ki gindin darbejiya. Na san birkin hannunki ya kama tun tuni. Don girman Allah ki sake shi da kanki, kada ki sa a zo da guduma a gaban baƙuwa.

Naki har kullum,
Ɗan marigayi mai gidanki