Zuwa ga Taubashina na Gwaram, Sarkin Kujerar Baya

Ɗan gwaggo, bawana na gado, labarinka ya riga ka isowa Birnin Kudu. An ce an tura ka Dutse taron bita kan noman riɗi da zoɓo, ka dawo da jaka mai tambari da biro da hotonka a gaban allon taro, ka cika mana WhatsApp da shi. Na tambayi wanda ya zauna kusa da kai su wa ka gana da su. Ya ce in ban da mai rabon abinci da mai biyan kuɗin mota, bai ga ka yi wa kowa fara'a ba. Su biyun kuwa har garin kakanninsu ka sani.

Abin da ya ɗaure mini kai, kai ne fa wanda in ya shiga kasuwar Sara, kafin ya wuce rumfa uku ya san farashin buhu, ya san wane ne ya zo saye daga Kano, wane ne ɗan kallo. Amma da aka rataya maka kati a wuya aka kunna na'urar sanyi, sai bakin ya mutu. Katin ma a juye yake wuni guda, sunanka yana kallon tumbinka. Ranar rufewa da aka miƙo maka abin magana, ka gai da mai girma, ka gai da mai martaba, ka gai da shugaban taro da mataimakinsa, sannan ka ce taka ba tambaya ba ce, ɗan sharhi ne. Har aka karɓe abin ba ka faɗi sunanka ba, balle abin da kake sayarwa.

To zauna in koya maka, tunda mu a Birnin Kudu sanin jama'a gado ne. Tun kafin a ƙirƙiro lasifika ake buga duwatsunmu suna amo, ga zanen mutanen dā a Dutsen Habude yana nan, je ka gani. Kwalejin Gwamnati ta garinmu ita ta yaye Aliko Ɗangote a 1978, kuma tsofaffin ɗalibanta na BIKOBA har gobe suna riƙe da zumuncinsu. Da aka tara masu zuba jari a Dutse a 2013, ɗan Bamainarmu ne ya kira su, Sule Lamido. Ku fa, wa kuka taɓa kira ya zo?

Cinikin taro ba a cikin zaure ake ƙulla shi ba. Ana yin sa ne a hutun shayi, da layin alwala, da ƙofar masallaci lokacin da kowa ya sunkuya neman takalminsa. A nan darakta da manomi buta ɗaya suke jira. Manyan da ke kan babban teburi kuwa ka ƙyale su, da sun sauko 'yan rakiya za su yi musu zobe, iyakarka musabaha. Nemi saurayin nan da ke riƙe wa babba waya da fayil, shi ya san ranar da ake ganin maigida. Nemi kuma mai saye na gaske, wanda yawanci yana layin tsakiya, ba babbar riga, yana ta rubutu.

Daren taro ka karanta jadawalin, ka fitar da mutum uku da kake son gani. In kun haɗu, bayan sallama, maganar gajera ce: ni wane ne daga Gwaram, ina da riɗi buhu kaza, tsaftatacce ba yashi, yaushe kuke saye kuma da wane sharaɗi? Sai ka yi shiru ka saurara, na san a nan ne za ka sha wuya. In ya ba ka kati, rubuta abin da kuka tattauna a bayansa kafin tuwo ya shafe maka shi.

Sai kira. Cikin kwana biyu, da katin wayarka, ba filashin ba. Ka tuna masa inda kuka haɗu, ka aika masa hoton kayan. Kada ka buɗe da neman aiki wa ɗanka, kada kuma ka mai da lambar bawan Allah wurin zuba hoton barka da Juma'a kowane mako har ya toshe ka.

Ƙarshen shekara ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA kan yi baje kolinta a Kano, kan titin gidan zu. Ka je, ka ɗauki riɗin a ƴar leda mai tsafta, ka juyo da katin wuyan nan ya kalli jama'a. Ka dawo mini da sunan mutum uku waɗanda in ka kira za su gane ka. In jaka ka sake kawowa, ranar cika-ciki kada ka ko tunkaro ni da maganar kuɗin shara, ka gai da gwaggo.