Bazazzagi da Akwatin Murɗa Sauti

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labari ya iso Kano cewa barci ya ƙaurace maka, kana ta auna firi-amfilifaya uku, ka rasa wadda za ka saya. Tunda iyayi gadonku ne, bari Bakano ya raba maka gardama, kuma kyauta, abin da ba mu saba ba.

Fara da sanin aikin akwatin. Ba ita ke tura lasifika ba, wannan aikin babbar amfilifaya ne. Nata shi ne ta zaɓi inda sauti zai fito, ta ƙara murya ko ta rage, in kuma faifan garmaho ne ta ɗaga ɗan siririn sautin allura, ta daidaita shi da ma'aunin RIAA na 1954. Sanƙira ce kawai: ta isar da abin da aka faɗa, ban da ƙari.

Ta farko a jerinka ita ce McIntosh C22, 'yar Binghamton ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 1963, daga baya aka sake ƙera ta. Da kwalaben lantarki take aiki, masoyanta kuma na rantsuwa da taushin muryarta. Tana da abin murɗawa na ƙara kaurin sauti da na rage kaifinsa, ko yaro ya kalle ta zai gane kanta. Sai dai kwalaben na ɗaukar zafi, suna tsufa, dole wata rana a canza su. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Tudun Wada, ka ga waƙa da gumi a kwano ɗaya.

Ta biyu, Naim NAC 552 daga Salisbury ta Ingila, ita na san ta sace maka zuciya, domin ta fi wahala. Akwati biyu ce, ɗaya na sauti, ɗaya na wuta. Yawancin kafofinta irin DIN ne, wayoyin da ka tara ba za su shiga ba. Babu wurin gyara kauri ko kaifi, abin da aka ba ka shi za ka ji. Masu ita kan bar ta a kunne dare da rana, wai sai ta ɗumama take sakin murya. To kai da ake ɗauke muku wuta tsakanin azahar da la'asar, yaushe za ta ɗumama? Ko janareto zai kwana yana ruri don ka ji numfashin mawaƙi?

Ta uku, Benchmark LA4 daga Syracuse, 'yar ƙarama ce. Muryarta na hawa mataki 256, kowanne rabin desibel, hayaniyarta kuwa a awo ta yi ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Ba ta da sashen garmaho, sai ka saya daban, amma kuɗinta bai kama ƙafar na Naim ba. Na san laifinta a wurinka: baƙo ba zai gan ta ya yi salati ba.

Ga abin da dillali ba zai gaya maka ba. Kunne na ɗaukar wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi, ko da bambancin bai kai desibel ɗaya ba. Don haka daidaita ƙararsu da na'urar awo, ka juya baya, ka sa ɗanka ya riƙa sauya su ba tare da ya faɗa maka ba. Sannan ka tuna abin da kake saurare: Shata ne da aka kwafo daga tsohon kaset, ya bi ta WhatsApp. Duk tsadar akwatin, shuuu ɗin kaset za ta miƙo maka da gaskiya da amana.

In ka bambance su a makance, sayi zaɓinka, zan biya kuɗin mota in zo in taya ka ji. In ka kasa, ɗauki wadda Hajiya za ta iya kunnawa ba sai ta kira ka a waya ba. Ragowar kuɗin ka sa sola da batir, ka shimfiɗa kafet, ka rataya labule mai kauri, domin lasifika da bangon ɗaki sun fi akwatin nan sauya abin da ke shiga kunne. Maƙwabta kuwa, ba ruwansu da Salisbury, su dai roƙonsu ka rage ƙara bayan isha'i.