Yadda Ake Karanta Zanen Jirgin Soja Ba Tare da An Bar Ƙasa Ba

Duk Ba'adaren da tsohon zanen jirgin soja ya faɗo hannunsa, ko a akwatin kakansa tsohon soja ko a naɗe da kilishi a kasuwar Tawa, kada ya yi gaggawar kai wa malam. Haruffan da ke jiki ba laya ba ce. Injiniyoyi ne suka taƙaita kalmomi, don takarda ta yi musu kaɗan, ko kuma don kada kowa ya gane aikinsu ya raina su.

A fara da tambayar asalin jirgin, kamar yadda ake yi wa mai neman aure. Rundunar sama ta Nijar ta soma a 1961 da Burusar na Faransa da C-47 na Amurka, daga baya Noratlas mai wutsiya biyu ya zo, sai C-130 a 1979. Wannan tambaya tana da muhimmanci. A zanen Faransa, AV gaba ne, AR baya. A na Amurka kuwa, AR na nufin "a sa gwargwadon buƙata". Wanda ya rikita su zai sa wa jirgi baya gwargwadon buƙata, kuma ba a san inda irin wannan buƙata take tsayawa ba. A zanen Faransa kuma, G hagu ne, D dama, amma hagun matuƙi yana zaune, ba naka ba kai da ka tsaya a gaban farfela, wurin da ma bai kamata ka tsaya ba.

Sai AU4G, wanda ake rubutawa a gurbin nau'in ƙarfe. A alminiyam ne, wannan babu gardama. U jan ƙarfe ne, kashi 4 cikin ɗari. A Faransanci sunan jan ƙarfe da C yake farawa, amma kuromiyam ya riga shi zama a kan C, shi ya sa ya matsa zuwa harafi na biyu. Haka ma manganis ya kama M, aka bar wa maganiziyam G. Duk wanda ya taɓa shiga motar Keita ranar kasuwa ya san wannan tsari: ba kujerarka ake ba ka ba, inda ya rage ne.

Burusar ya fi wahala, don jikinsa na Faransa ne, injinsa na Amurka, R-985. R na nufin silinda tara sun zauna a da'ira, 985 kuma jimillar girman cikinsu ne a ma'aunin inci kubik. Ƙarfinsa doki 450 ne, ba a ba ko ɗaya dusa. Notin Amurka mai lamba AN4 kaurinsa rubu'in inci, wato milimita 6.35. Makaniken garejin Tawa yana da na milimita 6. Ragowar 0.35 ɗin yakan duba ta, ya ce "ba komai, Alhaji", ya miƙa hannu ga guduma. Wannan hanya tana aiki a Toyota, don Toyota in ta gaji gefen hanya take tsayawa.

Filin jirgin Tawa (Tahoua a rubutun Faransanci) shi ma yana da nasa haruffan: DRRT ga matuƙa, THZ ga masu tikiti. T da H kowa ya ga inda suka fito. Z ɗin kuwa, mutanen Zinder sun ce ba su ba da aro ba.