Jinjina Ga Gwanayen Injin Da Ba Ya Cin Komai

Gwanayen maganaɗisu! Abin da ya gagari injiniyoyin duniya ku kun gano shi a ɗaki: a jera maganaɗisu a bakin faifai, a ɗan karkata su, a tura da yatsa, sai inji ya yi ta juyi har abada, ba fetur, ba batir, ba rana, ba iska.

Sana'ar taku mai asali ce. Tun a 1269 Bafaranshen nan Petrus Peregrinus ya bayyana irin wannan faifai a wasiƙarsa kan maganaɗisu. Yau fiye da shekara 750 ke nan bai juya ba, amma ina amfanin gaggawa? Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Cibiyar Kimiyya ta Faris ce ta gaza, a 1775 ta ce ta daina duba injunan da ake cewa ba sa tsayawa. Hassada ce kawai!

Kada ku saurari malaman kimiyya. Wai maganaɗisu rance yake bayarwa: ƙarfin da ya ba faifai lokacin da yake jawo shi, shi yake karɓewa cif lokacin rabuwa. In an zagayo, riba babu, sai gogayyar boris da iska su cinye ɗan turin da yatsa ya yi. Wai shi ya sa kullum faifanku yake cijewa a wuri guda. Ku rabu da su, ku sayo ƙarin maganaɗisu. Ai saura ƙiris.

Ga manya ma kuna da su. Kamfanin Steorn na ƙasar Ailan ya buga talla a mujallar The Economist a 2006, yana ƙalubalantar masana su zo su gwada injinsa, Orbo. A 2007 aka shirya nuna shi a Landan, aka fasa, wai zafin fitilu ne ya ɓata shi. A 2009 masanan da aka ɗora wa binciken suka ce, baki ɗaya, ba a nuna musu inji yana samar da makamashi ba. Laifin fitilu ne, ko shakka babu.

Babbar jinjina kuwa taku ce, masu tallar janareta mara mai a garuruwanmu. Iya ɓoye batir a ƙarƙashin katako ma ai fasaha ce. Mai shagon da duhu ya isa ya zuba jarinsa, ƙwan fitila ya kama har ku sha kwana, sannan ya mutu. Madalla da ciniki!

Yaro mai basira kuma, wanda hannunsa ya iya naɗin waya, kada ku bari ya koyi haɗa sola ko gyaran injin ban ruwa, kada ya je ya amfani garinsu. Ku riƙe shi a gindin faifai har ya yi furfura. Ku ci gaba, kar ku fasa!