Zuwa Ga Bazazzagi, Sabon Shiga Layin Rakani-Kashi

Malam Bazazzagi, bawana na gado, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga yaronsa. Ya mutanen Samaru? Ya fama da turanci?

Labari ya iso mana Bacirawa cewa an gan ka a Sabon Garin Zariya kana cinikin ƙaramar waya mai madannai, irin wadda kake kira rakani-kashi kana dariya har da riƙe ciki. Mai kawo labarin ya ce ba ka tsaya nan ba, har cigiya kake ko akwai mai tsohuwar rikoda ta kaset ya sayar maka. Da aka tambaye ka dalili, sai ka gyara zaman gilashi ka ce wai abin da ake yayi ke nan yanzu a Turai da Amurka. Allah Sarki! Ashe Bazazzagi ba ya yarda tuwon gidansu da daɗi sai ya ga Bature ya sa hannu a kwanon.

Ban ƙaryata ka ba, don mu ma muna jin labarin duniya. A 2022 faifan garmaho ya fi faifan CD ciniki a Amurka, abin da rabon a gani tun 1987. Nokia 3310, wadda ta fito a 2000, an sake ƙera ta a 2017 saboda masu begenta. Samarinsu na ajiye manyan wayoyi suna cewa latse-latse ya cinye musu barci da hankali. Amma ka lura, su ƙoshi ne ya yi musu yawa har abin ya gundure su. Kai me ka ci da za ka ce ka ƙoshi? Mu kuwa ba mu koma ko'ina ba, tunda ba mu taɓa tashi ba. Inda ka bar mu nan za ka same mu, kuma da hujjarmu.

Zo gonakin da ke bayan Bacirawa da damina, ta wajen hanyar Ungogo, ka ga yadda ake yi. Manomi ya rataye Kchibo ɗinsa a reshen darbejiya, eriyar ta karye tun bara an maye ta da wayar keke, murfin batir ya ɓata an ɗaure da kyauro, amma tana magana tangaram. Yana noman gero yana jin abin da ake ciki a Abuja da Yamai da Makka. Idan batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, ya ƙara kai mutum magariba. A aljihunsa ga rakani-kashin da ka raina: ta faɗa kunya an tsince ta, an bi ta kanta da amalanke, an buɗe bayanta an hure ƙasa, ta kama aiki. Idan batirinta ya kumbura, a ciro shi a juya a kan dakali. In ya yi ta wulwulawa an san ya mutu, a sayi wani da kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. Taka babbar fa? Ta faɗo daga kan kujera kawai, sai da ka ci bashin albashi kafin ka canja mata gilashi.

Ka tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan wuta, yawancin Arewa ta shafe kwana da kwanaki cikin duhu? Ina ka shiga? An ce a rumfar mai cajin waya ka tare, kana gadin wayarka kana leƙen ko ta kai rabi, kana cirewa kafin la'asar ta sake mutuwa. A nan, dattijo ya yi caji sau ɗaya ya manta, da dare ya haska tocinta ya duba awaki, da asuba ya murɗa rediyo ya ji shirin safe. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake mana magana, Rediyon Kaduna na maƙwabtanku tun 1962, Muryar Amurka ta shigo a 1979, ga su Freedom da suka zo a 2003. Babu wadda ta taɓa cewa sai an sa mata data kafin ta buɗe baki. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kai ne ka yi ta rubuta ƙorafi a Facebook, da datar da kake kuka a kanta.

Sai maganar da ba ta dariya ba. Masu ƙwacen waya sun addabi unguwanni, sun raunata mutane, wasu har sun rasa rayukansu a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya shirya mana yaranmu. Ƙwacen nan ya sa mutane da yawa, har manyan 'yan kasuwa, suka koma waya biyu: babba a gida ko a can ƙasan jaka, ƙarama a hannu. Da tsohuwar zuma ake magani, ko da boko bai rubuta haka a allo ba.

Game da rikodar da kake cigiya kuwa, bari in koya maka tun kafin ka ba mu kunya. Kaset ba ya son gaggawa. Idan rikoda ta tauna zaren, ba kuka ake yi ba. A hankali ake zaro shi, a zura biro a ramin a naɗe, inda ya tsinke a liƙe da ɗan jan farce. Da shi iyayenmu suka ji Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, da shi tafsirin azumi ya shiga ƙauyukan da malamin bai taɓa takawa ba. Da shi ake aika wasiƙa: a tara gida kaf, tsohuwa ta yi gaisuwa, ta lissafa wanda ya haihu da wanda ya rasu, yara su yi ta kutse da surutu, a ba alhaji ya kai wa ɗan'uwa a Makka. Saƙon murya da kake taƙama da shi a WhatsApp, kakata ta riga ka.

Kada dai ka ɗauka ina cewa da can aljanna ce. Da wayar salula ta shigo a 2001, layi kaɗai sai mai hali, kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi. Sai a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Yau yaranmu da ke harka a kasuwar Dawanau da babbar waya suke tura hoton riɗi da wake ga mai saye a Legas, kuɗi ya shigo kafin a gama ɗinke buhu. Wannan ba mu raina shi ba. Ma'auninmu ɗaya ne: abin da ke yi maka aiki ka riƙe shi, wanda kai kake yi wa aiki ka rage masa matsayi. Kai kuwa ka shekara kana yi wa waya bauta, ka ciyar da ita data, ka shayar da ita caji, ka saya mata riga, ka kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ga ni ubangidanka na asali ko goro ba ka aiko min ba.

To, tunda ka tuba, ƙofa a buɗe take. Akwai rikoda a ɗakin tsohonmu, da buhun kasusuwan da ba a taɓa ba tun auren yayata. Na san za ka ce Bakano ba ya ba da komai kyauta. Gaskiyarka, shi ya sa muka fi ku. Farashin na yayi ne, tunda kai ka ce yayi ne, kuma biro daban ake saye. Ka hau mota a Kwangila, ka sauka Kano ka nemi hanyar Katsina, duk yaron da ka tambaya zai nuna maka Bacirawa. Ka taho da batir manya guda huɗu, ka haɗo da kuɗin sharar da ka danne min na Cika-cikin bara, in ba haka ba ko murfin rikodar ba za ka taɓa ba.