Mutanen Gidan Kallo a Daren Drogba

Ranar Asabar 19 ga Mayu 2012 aka buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai tsakanin Bayern Munich da Chelsea, a filin ita Bayern ɗin, can Jamus. An take leda ƙarfe takwas saura kwata agogonmu, mutane sun idar da Magariba ke nan, bazara kuma tana kan ganiyarta. Daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, duk rumfar langa-langar da ke da dish da janareta bencinta ya cika har ana tsayuwa. Mutanen da suka zauna a bencinan nan sun fi na cikin talabijin ban kallo, kuma har gobe irinsu ne ke cika gidajen kallo.

Mafi yawa a daren su ne 'yan haya. A faɗin Zamfara ta yamma da wuya ka tara magoya bayan Bayern na gaskiya su cika kabu-kabu biyu, amma ranar rabin ɗaki Jamusawa ne. Ɗan Barcelona ya zo da mikinsa ɗanye, don ko wata ba a yi ba da Chelsea ta fitar da su a Camp Nou, Messi ya ɓarar da fenariti, Torres ya ƙarasa su. Ɗan Manchester United ya zo ne ya tuna wa kowa santsin da ya kwashe John Terry a Mosko a 2008. Wanda ya fi ban tausayi ɗan Arsenal ne. Ƙungiyarsa ta kai wasan ƙarshe a 2006, Barcelona ta doke ta 2-1, yanzu ga maƙwabta suna shirin zama ƙungiyar Landan ta farko da za ta ɗauki kofin. Shi ba nasarar kowa yake nema ba, faɗuwar Chelsea kawai yake roƙo. Ka ce ya faɗi sunan Schweinsteiger, sai harshe ya sarƙe ya ce “wancan mai lamba talatin da ɗaya”. Shiga sharo ba shanu ke nan, amma fa da iyakar ƙarfinsa.

A bencin gaba akwai koci. Tun da ya bar firamare bai sake taɓa ƙwallo da ƙafa ba, amma ya fi kocin Chelsea Roberto Di Matteo sanin aiki. Da aka nuna jerin 'yan wasa ya ga Ryan Bertrand, yaron da bai taɓa buga gasar ba sai ranar, ya dafe kai ya ce an sayar da wasa. Yana magana da talabijin ne kai tsaye, yana nuna ta da yatsa: a cire Kalou, a sa Torres, a matso gaba. Tun kafin hutun rabin lokaci ya yanke hukuncin cewa Drogba ya tsufa, a fitar da shi. A riƙe wannan, za a buƙace shi nan gaba.

Sai dattijon da ya shigo da sanda neman ɗansa, wanda aka aika sayen kananzir tun la'asar. Ya tsaya bakin ƙofa yana raba ido cikin duhu, hasken talabijin ya ja shi.

“Kai samari, waɗanne an namu ciki?”

“Baba, ga namu can cikin masu shuɗi, mai lamba sha biyu. Mikel, haihuwar Jos ne.”

“To mi ya hana shi jehwa ta raga?”

“Baba, shi aikinai tsare tsakiya.”

“Af! To Allah shi taimake shi. Ku ɗan matsa mani.”

Shi ke nan, maganar kananzir ta sha ruwa. Yaron kuwa yana bayan uban da benci biyu, ya ja hula ya rufe fuska, bai yi tari ba har aka tashi.

Ɗan zinari ba ya ɓuya. A shekarun nan haƙa ta buɗe a Bagega da Sunke da Dareta, saurayi kan kwana ba ko sisi ya wayi gari da sabon babur. Shi ke biya wa mutum goma kuɗin shiga, shi ke aika a kawo tsire da lemo. Bai san mece ce satar gida ba, kuma ba wanda zai gyara masa, don mai cin tsiren mutum ba ya musu da shi. Lokacin ana iya hawo babur daga ƙauye da dare a yi kallo a koma lafiya. Yau wa zai gwada?

Akwai mai alwashi, wanda kiran Isha ya same shi a benci ya ce sai an je hutu. Da aka je hutu ya bar hularsa ta tsare masa wuri, ya yi sallar da ko tsuntsu bai isa ya sauka kansa ba, ya dawo da carbi a hannu. Duk harin da Bayern ta kawo sai ya ƙara adadin sadakar da zai yi in an tsira. Ba a ji labarin almajirin da ya karɓa ba. Ta waje kuma yara ne manne da zana, kowa da hudarsa, wanda ya fi ganin allo yana ba na baya labari da ƙarin gishiri.

Ni dai wanda ban yafe wa ba shi ne mai rediyo. Ya biya kuɗinsa kamar kowa, amma ya kanga 'yar rediyo a kunne, ita kuwa takan riga hoton dish da 'yan daƙiƙu. Ƙwallo tana sama ba ta sauko ba sai ka ji ya ce “ta shiga”. Me muka yi maka, bawan Allah? Jikokinsa su ne masu duba sakamako a waya yau, halin bai canja ba.

Minti na 83 Thomas Müller ya sa wa Bayern ƙwallo da ka, 'yan haya suka hau benci. Nan mai raunin zuciya ya miƙe, ya ce shi dama gobe yana da sammakon sharar gona, ya fice. Bai gama tayar da babur ba, minti na 88, Chelsea ta samu kwanarta ta farko a wasan, Juan Mata ya bugo, Drogba ya tashi ya farke da ka. Rumfa ta girgiza. Mai raunin zuciyar ya dawo da gudu ya tarar an gaje wurinsa. Har yau in ana hira shi ke kwatanta yadda Drogba ya karkata wuya, alhali ihun kawai ya ji. Kocin bencin gaba kuwa ya juyo ya dubi jama'a ya ce, “Mi nic ce maku? Drogba ba a hidda shi!”

Mutum ɗaya ne farkewar ta ɓata wa rai ba don ƙwallo ba: mai gidan kallo. Man minti 90 ya zuba, ga ƙarin minti 30, ga hadari yana haɗowa daga gabas, kowa kuma ya san abin da hadari ke yi wa dish. Ya fita ya girgiza janareta ya ji nauyinta, ya dawo ya leƙa allo, ya sake fita. Ya yi shawarar a ƙara masa wani abu, aka taso masa da cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da Drogba ya kayar da Ribéry cikin da'ira aka ba Bayern fenariti, shi ma addu'a ya yi ta shiga a huta. Arjen Robben, tsohon ɗan Chelsea, ya buga, Petr Čech ya kama. Sai aron man babur.

A lungu akwai ɗan kishin ƙasa, yana kallo yana tsaki. Zai gaya maka Enyimba ta Aba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 a hannun Ismaily ta Masar, ta kare shi a 2004 a Abuja da Étoile du Sahel, Kano Pillars kuma ta fitar da Al Ahly a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe, amma ba wanda ya yi musu rabin wannan haukan. Gaskiya ya faɗa, ba ja. Sai dai rigar Chelsea ce a jikinsa.

A bugun fenariti Mata ya ɓarar, Čech ya tare ta Olić, ta Schweinsteiger ta daki turke, Drogba ya rufe da ta ƙarshe, 4-3. John Terry, wanda bai buga ba saboda jan katin da ya karɓa a Barcelona, ya sauko cikin cikakkun kayan wasa ya ɗaga kofi. Ire-irensa sun cika tasha da teburin mai shayi washegari: mutanen da suka yi barcinsu tun tara, suka tashi da shuɗiyar riga suna cewa “mun ci”. 'Yan haya kuwa suka koma gidajensu na asali ba ko sallama. Shekarar da ta biyo, 25 ga Mayu 2013, Bayern ta ɗauki kofin a Wembley, ta doke Borussia Dortmund 2-1, Robben ɗin nan ne ma ya ci ta biyun a minti na 89. Ba ko ɗaya cikinsu da ya hau benci, don babu Chelsea a fili.