Mu da Cajin Laftof

Mu a unguwar nan ba a raba laftof da soket. Da yara sun ɗauki ihun an kawo wuta, kowa zai saki abin da yake yi ya ruga ya jona, ko da batirin na kashi 97. Wa ya san ranar da za ta sake leƙowa?

Su kuwa masu ƙera na'urar, wai damuwarsu kada batir ya cika ya yi ta zama a cike. Lenovo da ASUS sun sa wani saiti mai tsayar da caji a kashi 60 ko 80, MacBook ma takan dakata a 80. Da gaskiyarsu, batirin litiyam ya fi ƙarko idan ba kullum yake maƙil ba. To amma je ka ce wa ɗalibin BUK mai rubuta furojet ya bar kashi 20 a soket saboda lafiyar batir. Cewa zai yi, "Haba Yaya, ni ke da difens ko batirin?" Wannan saitin na Alhajin da ya kafa sola da inbata ne, shi kuma bai ma san da zamansa ba.

Saitin da aka yi kamar don mu, wato haibanet, shi muka yi wa ko oho. Mukan kifa murfi mu cusa a jaka mu ce mun kashe. Ina! Barci kawai ta yi, tana tsotsar caji kaɗan-kaɗan don ta riƙe aikin da ke buɗe, wani lokacin ma ta farka a jakar ta ɗau zafi. Ka isa wurin aiki, ka buɗe, shiru. Haibanet kuwa kwashe aikin yake yi kaf ya ajiye a hadis, na'ura ta mutu murus, gobe ka kunna ka tarar da komai inda ka bari. Sai dai Windows 10 da 11 ba sa nuna shi a fili, sai ka tono shi cikin saitin wuta, mu kuma ba ma shiga can sai in wani abu ya ɓaci.

Ga hasken sikirin a ƙure ko da tsakar dare, alhali yana cikin manyan masu shan caji. Da Windows 10 ta ga batir ya sauko kashi 20 ta dusashe hasken don ta ja maka lokaci, sai mu ce na'urar ta fara lalacewa.

Babban laifinmu dai katifa. A zafin Afrilu, Kano na haura digiri 40, mu kuma mu ɗora laftof kan bargo, ƙofofin iska a toshe, fanka na kuka, ana kallon fim ana caji. Zafi ke cin batir, har ya kumbura ya turo madannai sama. In hakan ta faru, hukuncin majalisarmu ɗaya ne: "Ai dama 'yar Beljiyam ce, mai shagon ne ya cuce ka."